Cutar Huntington da Shaidar Mutum 12

A ranar 24 ga Satumba, 2025, kamfanin haɗa magunguna na uniQure, mai mazauni a Amstadam ta ƙasar Holan, ya ba da sanarwar cewa maganin da yake gwadawa, AMT-130, ya rage saurin da cutar Huntington ke cin jikin majiyyaci da kashi 75 cikin 100 a tsawon shekara 3. Kafin a tashi kasuwa ranar, farashin hannun jarin kamfanin ya ninka fiye da sau uku. Manyan kafafen yaɗa labarai na Turai da Amurka suka ɗauka, wai a karon farko an taka wa cutar birki. Gidajen da suka binne kaka, suka binne uwa, suke kuma satar kallon hannun 'ya'yansu ko ya soma motsi shi kaɗai, suka cika da murna. Ba mai imanin da zai ga laifinsu.

Sai dai wannan adadi daga jikin mutum 12 ya fito. Su ne waɗanda aka bai wa babban awo na maganin, suka kuma cika wata 36 ana bibiyarsu. Ban kawo wannan don raina aikin ba, domin mai yiwuwa ne maganin na aiki da gaske, kuma fatana ke nan. Amma cututtukan ƙwaƙwalwa masu ƙwace wa mutum ikon jikinsa sun sha ganin ranakun murna irin wannan, kuma abin da ya biyo bayan yawancinsu ya isa ya sa mu auna nauyin da shaidar mutum 12 za ta iya ɗauka.

Cutar ta ci sunan wani likita Ba'amurke, George Huntington, wanda ya bayyana ta a 1872 yana ɗan shekara 22. Mahaifinsa da kakansa duk likitoci ne a gari guda a tsibirin Long Island, don haka ya tashi ya tarar da bayanan gidajen da ke fama da ita tun kaka da kakanni, ya kuma gane gadonta ake yi. Galibi tana bayyana tsakanin shekara 30 da 50, wato bayan mutum ya yi aure ya hayayyafa. Da ƙananan abubuwa take somawa: saurin fushi, mantuwa, kasa tsara aikin da aka saba, ɗan fizgar kafaɗa ko yatsa. Daga nan jiki ya ƙwace wa mai shi. Hannu da ƙafa da fuska su riƙa motsi ba da izininsa ba, tafiya ta koma tangaɗi har a ɗauka ya sha ya bugu. Magana ta harɗe, haɗiyar abinci ta gagara. Shekara 15 zuwa 20 da somawa, sai rai ya yi halinsa. Mu da muka saba da lissafin sikila, inda sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita kafin a haifi mai ciwon, za mu ga wannan ta fi rashin sassauci: mahaifi ɗaya ya wadatar, kuma kowane ɗa da aka haifa rabi da rabi ne, ko ya gada ko ya tsira.

A 1993 aka gano tushenta. A cikin rubutun gadon da ke jikin kowane ɗan Adam akwai wani gurbi inda haruffa uku, C da A da G, ke maimaita kansu. A yawancin mutane maimaicin bai kai 27 ba. In ya kai 40 ko ya wuce, cutar na nan tafe muddin mutum ya yi tsawon rai. Abin da ke faruwa shi ne jiki na ƙera wani furotin mai suna huntingtin a gurɓace, shi kuma yana kashe ƙwayoyin wani sashe da ke can tsakiyar ƙwaƙwalwa, mai daidaita motsi. Cututtukan ƙwaƙwalwa kaɗan ne aka san sanadinsu ƙarara haka. Duk da haka, an haura shekara 30 da wannan sani, kuma magungunan da ke hannun likita, irin su tetrabenazine da Amurka ta amince da shi a 2008, fizge-fizgen kawai suke lafarwa. Cutar na ci gaba da aikinta a ƙarƙashi.

A ƙa'ida, sabon magani kan soma ne da 'yan sa-kai masu ƙoshin lafiya. A biya su, a ba su ɗan ƙaramin awo, a zuba ido, sannan a ƙara. Ko wannan ma ba wasa ba ne. A 2006, a wani asibiti a Landan, samari 6 sun kusa rasa rayukansu cikin sa'o'i kaɗan da yi musu allurar wani sabon magani mai suna TGN1412, a 2016 kuma mutum guda ya mutu a garin Rennes na Faransa a gwajin wani maganin. Amma magungunan da ke neman tushen cututtuka irin su Huntington ba sa ma bin wannan hanya. Ƙwaƙwalwa na da shingen da ke tace duk abin da jini ya kawo mata, kuma yawancin waɗannan magunguna ba sa iya tsallake shi. Dole sai an soka allura a gadon baya an zuba su cikin ruwan laka, ko a huda ƙoƙon kai a kai su har inda ake so. Babu kwamitin ɗa'ar da zai yarda a huda kan lafiyayye don neman sani. Saboda haka mutanen farko da ake gwada maganin a jikinsu su ne majiyyatan da kansu, kuma akan haɗe zangon farko da na biyu na gwaji su zama ɗaya.

A nan ƙullin yake. Ɗan sa-kai mai lafiya ya san ba waraka ya zo nema ba. Shi kuwa wanda ya ga yadda mahaifiyarsa ta ƙare, ya kuma soma jin alamun a jikinsa, ko da takardar da zai sa wa hannu ta ce manufar gwajin ita ce a gano ko maganin na da illa, ba abin da kunnensa zai ji ke nan ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Likitocin da ke wannan aiki sun san haka, kuma nagartattun cikinsu kan ɓata lokaci mai tsawo suna jaddada wa majiyyaci cewa mai yiwuwa ba zai amfana ba, mai yiwuwa ma ya cutu. Amma da zarar an fita daga ɗakin likita, sai maganar ta faɗa hannun masu hannun jari da 'yan jarida, su kuma kowa da abin da yake son ji.

Labarin wani maganin Huntington mai suna tominersen ya kamata duk mai son fahimtar wannan fage ya sani, don haka zan ɗan daɗe a kansa. Kamfanin Ionis na Amurka ne ya ƙirƙiro shi. Dabararsa mai kyau ce ƙwarai: maimakon a jira gurɓataccen furotin ya fito a yi ta fama da ɓarnarsa, sai a tare saƙon da ke ba da umarnin ƙera shi tun a hanya, a lalata. An gwada a jikin ɓeraye an ga sun farfaɗo. A 2015 aka soma gwadawa a jikin mutane ƙarƙashin jagorancin Farfesa Sarah Tabrizi ta jami'ar UCL da ke Landan, a cibiyoyi a Birtaniya da Jamus da Kanada. Mutum 46 suka shiga. An yi wa 34 allurar maganin, 12 kuma aka yi musu allurar da ba komai a cikinta, kowa sau 4, wata-wata, ba tare da majiyyaci ko likitansa ya san wace aka ba wa ba. A Disamban 2017 aka soma fitar da sakamako: ba wanda ya gamu da mummunar illa, kuma a jikin waɗanda suka sami babban awo, gurɓataccen furotin da ke cikin ruwan laka ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Duniya ta ɗauka. Kamfanin Roche na Siwizalan ya biya dala miliyan 45 ya karɓi ragamar aikin.

Ka lura da abin da wancan gwaji ya tabbatar. Ya nuna ana iya yi wa mutum allurar sau 4 ya tashi lafiya, ya kuma nuna furotin na raguwa a ruwan da aka ɗiba daga baya. Bai nuna wani ya fi iya tafiya, ko haɗiya, ko tuna sunan ɗansa ba, kuma masu binciken ba su ce ya nuna ba. Har ma a cikin rahoton da suka buga a 2019 akwai abubuwa biyu masu ɗaure kai: wani sinadari da ke ƙaruwa idan ƙwayoyin jijiya na lalacewa ya ɗan hau a jikin wasu, kuma ramukan ruwan da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa sun ɗan ƙara faɗi. An gani, an rubuta, an tattauna, aka wuce. Daga mutum 46 aka yi tsalle zuwa babban gwaji na mutum 791 a ƙasashe da dama, da awo mafi girma, ba tare da an tsaya a tsakani an tantance awon da ya fi dacewa ba.

A Maris na 2021 kwamitin sa-ido mai zaman kansa, wanda shi kaɗai ke da ikon leƙa sakamako ana tsakiyar gwaji, ya ba da shawarar a daina allurar. Da aka buɗe bayanai sai aka tarar waɗanda ake yi wa allurar kowane mako 8 sun fi waɗanda ke karɓar allurar banza lalacewa. Furotin ya ragu kamar yadda aka so, mutanen kuma sun ƙara shiga wani hali. Har yau masana na muhawara kan dalili. Wasu na ganin awon ne ya yi yawa har ya jawo kumburi. Wasu na cewa maganin bai bambanta gurɓataccen furotin da lafiyayyen da mutum ya gada daga ɗayan mahaifin ba, ya rage duka biyun, alhali ƙwaƙwalwa na bukatar lafiyayyen. Wasu kuma na ganin bai isa can ciki inda ɓarnar take ba, ko kuma an makara. A cikin watan Maris ɗin dai kamfanin Wave ya ajiye magungunansa guda biyu na wannan cuta saboda ba su rage furotin ɗin yadda ake so ba, a shekara ta gaba kuma Novartis ya dakatar da gwajin branaplam bayan an ga alamun yana taɓa jijiyoyin hannu da ƙafa. Roche bai yar da tominersen a lokacin ba, ya koma gwada ƙaramin awo a jikin masu ƙarancin shekaru da cutar ba ta yi nisa ba.

Abin da nake so a riƙe daga wannan labari shi ne yadda aka gano illar. Cutar Huntington dama kullum gaba take yi. In da kowa a cikin mutum 791 ɗin ya karɓi maganin, da likita ya ga majiyyacinsa na lalacewa sai ya ce cutar ce, ya ƙara masa wata allurar. Waɗanda suka yarda a riƙa soka musu allura a baya wata da watanni, alhali mai yiwuwa ba komai a cikinta, su ne ma'aunin da ya tona gaskiya.

To da wa aka auna mutum 12 na AMT-130? Shi wannan magani ba allurar baya ba ce. Ana ɗaukar ƙwayar bairos da aka cire wa dafi, a ɗura mata wani ɗan umarnin gado, sannan likitocin tiyata su huda ƙoƙon kai, su zura siririn bututu suna kallo ta na'urar MRI, su ɗiga ta a hankali cikin sashen da cutar ke ci. Aikin kan ɗauki sa'a 12 zuwa 18. Sau ɗaya ake yi, daga nan ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da kansu za su ci gaba da ƙera abin da ke rage furotin ɗin. A farkon gwajin a Amurka akwai mutum 10 da aka yi wa tiyatar gani-da-ido ba tare da magani ba, amma na shekara guda ne kawai. Don haka da aka zo lissafin shekara 3, babu su a ma'auni. Sai aka koma wani babban kundi mai suna Enroll-HD, inda ake bibiyar dubban masu cutar shekara da shekaru ba tare da an ba su wani sabon magani ba, aka zaɓo waɗanda suka yi kama da mutum 12 ɗin a shekaru da nisan ciwo, aka kwatanta.

Dabara ce mai ma'ana, kuma masu ilimin lissafi sun yi ƙoƙari wajen daidaita ɓangarorin biyu. Amma akwai abin da lissafi ba ya kamawa. Mutumin da aka tantance aka ga zai iya jure tiyatar sa'a 12, mai iyalin da za su riƙa kai shi babbar cibiya a kai a kai, wanda ƙwararru ke kewaye da shi, wanda kuma ya san an sa masa magani a ka, ba daidai yake da wanda ke zuwa a duba shi sau ɗaya a shekara ba. Likitan da ke auna shi ma ya san an yi masa, kuma ɗan Adam ne, yana so abin ya yi aiki. Ga shi kuma a cikin mutum 12, in biyu suka zamo masu jinkirin ciwo tun asali, sun isa su karkata sakamakon gaba ɗaya.

Masu binciken cutar Parkinson, wato ciwon makyarkyata, sun riga kowa shan wannan darasi. A 2008 aka buga sakamakon gwajin farko na wani maganin gado mai suna CERE-120, wanda shi ma ta tiyata ake sa shi a ƙwaƙwalwa. Majiyyata 12 ne, abin mamaki, kuma sun nuna sauƙi mai faranta rai. Da aka sake gwadawa a jikin mutum 58, wasu da magani wasu da tiyatar gani-da-ido, sai bambancin ya ɓace. Kafin nan, a 2001, an ba da rahoton wani gwaji a Amurka inda aka dasa wa masu Parkinson ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Mutum 40 ne, rabinsu an huda musu ƙashin kai kawai ba a dasa komai ba. A dunƙule dashen bai cimma abin da aka sa a gaba ba, wasu daga waɗanda aka dasa wa kuma suka kamu da fizge-fizgen da ba ya jin magani. Wani bincike da ya biyo baya ya gano abin da ya fi wannan ban mamaki: waɗanda suka yi imanin an dasa musu sun fi samun sauƙi, ko an dasa ko ba a dasa ba. A shekarar 2001 ɗin ne kuma masu bincike a Kanada suka nuna da hoton ƙwaƙwalwa cewa sa rai kaɗai kan sa ƙwaƙwalwar mai Parkinson ta saki sinadarin dopamine da take ƙarancinsa.

A Nuwamban 2025 uniQure ya sanar cewa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ce ba ta ƙara ganin wannan kwatance da kundi ya isa zama babbar hujjar neman amincewa ba. Hannun jarin ya faɗi da kusan rabi. Iyalai suka fusata, kuma fushinsu na da tushe, domin a cewar kamfanin, a ƙarshen 2024 hukumar da kanta ta amince a bi wannan hanya. Hukumar da za ta ce e yau ta ce a'a gobe tana wasa ne da zukatan mutanen da ba su da lokaci, tana kuma tsorata duk wanda zai zuba kuɗi a neman maganin cutar da masu ita ba su da yawa.

Hujjar iyalan ba ta tsaya nan ba, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Suna cewa Huntington ba Parkinson ba ce, sa rai ba zai riƙe ta shekara 3 ba. Suna cewa babu cutar ƙwaƙwalwar da aka san tafiyarta dalla-dalla kamar wannan, saboda haka kundin ma'auni ne na gaske. Sinadarin nan da ya hau a gwajin tominersen, a gwajin AMT-130 ɗan sauka ya yi, alhali a ƙa'ida hawa yake yi yayin da cutar ke tsananta. Sannan suna tambaya: wane ne zai kalli mai shekara 38 da 'ya'ya ƙanana ya ce masa ya kwanta a yanka masa fatar kai a banza, ya jira shekaru, alhali kafin a gama gwajin cutar ta wuce matakin da za a karɓe shi? Mai wannan tambaya ba jahili ba ne. Ya san haɗarin, cewa yake a bar shi ya ɗauka da kansa.

Duk da haka ina ganin a kan ainihin maganar hukumar ta fi kusa da daidai, kuma dalilina guda ne: wannan magani ba ya fita. A 2022 Amurka ta amince da Relyvrio, maganin wata cutar jijiya mai shanye jiki da ake kira ALS, bisa gwajin mutum 137 da matsin lambar majiyyata. A Maris na 2024 babban gwaji ya nuna ba ya aiki, kamfanin ya janye shi daga kasuwa. An yi asarar kuɗi da fata, amma garin magani ne da ake damawa a sha, aka daina sha, shi ke nan. Tominersen ma da aka ga illarsa daina allurar aka yi. Wanda aka ɗiga wa AMT-130 kuwa, ya shiga ke nan har ƙarshen rayuwarsa. Shi ma yana rage lafiyayyen furotin tare da gurɓataccen. A 2022 an taɓa dakatar da babban awon na ɗan lokaci bayan mutum 3 sun gamu da munanan alamu jim kaɗan da tiyata, ko da yake sun farfaɗo aka ci gaba. In akwai wata illa da ke ɓoye sai a shekara ta shida ko ta takwas, ko wadda ke samun mutum ɗaya cikin 50, mutum 12 ba za su iya nuna ta ba. Kuma da zarar an amince da magani an sa shi a kasuwa, ba wanda zai ƙara yarda ya shiga gwajin da mai yiwuwa a ba shi na banza. Ƙofar sanin gaskiyar ta rufe ke nan, har ga 'ya'yan waɗannan majiyyata, waɗanda rabinsu ke tafe a kan hanya ɗaya.

Akwai tsaka-tsaki, kuma ba sabon abu ba ne a wannan fage. Ana iya raba majiyyata ta hanyar ƙuri'a, wasu a yi musu yanzu, wasu bayan wani ƙayyadadden lokaci, da alkawari a rubuce cewa duk wanda ya jira za a yi masa ko da ciwonsa ya ƙara nisa. Ana iya sa likitocin da ba su san wa aka yi wa ba su riƙa yin awon. Abu mafi sauƙi kuma, a buga cikakken bayanin kowane majiyyaci a mujallar da wasu masana za su tsefe shi. Ranar da aka yi waccan sanarwa, abin da duniya ta gani takardar manema labarai ce da jawabi ga masu zuba jari. Kamfanin da ke kasuwar hannun jari doka ta tilasta masa sanar da irin wannan labari da wuri, na sani, amma hakan na nufin kunnen farko da ake tsara maganar dominsa ba na majiyyaci ba ne.

Mutanen Kano ba sa bukatar dogon bayani kan abin da ke faruwa idan aka gwada magani a jikin wanda ke cikin tsananin bukata. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a gwajin da ya ƙunshi yara 200, rabi aka ba su shi, rabi aka ba su wani maganin da aka sani. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce an nemi izininsu da baki kuma sanƙarau ne ya yi kisan. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Gwaje-gwajen Huntington na yau sun yi nisa da wannan ta fuskar tsari da sa-ido, ba na haɗa su. Abin da ya haɗa su ɗaya ne: uban da ɗansa ke sanƙare a hannunsa, da matar da ta san abin da ke jiranta, dukansu ba su da ƙarfin yin ciniki. Don haka nauyin kare su ba ya sauka daga wuyan mai gwajin don kawai an sa hannu a takarda.

Akwai kuma bashin da ke biyo bayan gwaji, wanda ba a cika maganarsa ba. Ba a ɗakin bincike kaɗai aka gano tushen Huntington ba. A ƙauyukan masunta da ke bakin tafkin Marakaibo a Benezuwela, inda cutar ta yi katutu fiye da ko'ina a duniya, wani likita ɗan ƙasar, Américo Negrette, ya soma lura da ita tun shekarun 1950. Daga 1979 Nancy Wexler, Ba'amurkiyar da cutar ta kashe mahaifiyarta, ta riƙa zuwa da tawagarta shekara bayan shekara. Suka tsara salsalar mutum fiye da 18,000, suka ɗebi jinin dubbai. Da wannan jini aka gano yankin da ƙwayar take a 1983, wanda ya share hanyar gano ita kanta bayan shekara 10. Wexler ba ta juya musu baya ba, ta taimaka aka buɗe gidan kula da majiyyata a can, ita ma kuma a 2020 ta bayyana cewa cutar ta kama ta. Amma jikokin waɗanda suka miƙa hannu aka ɗebi jininsu na nan cikin talauci, a inda ko tetrabenazine samunsa aiki ne, balle tiyatar sa'a 18 a cikin na'urar MRI.

Mu ma a wannan nahiya lissafin bai cika zuwa ta kanmu ba. Cutar na nan a Afirka, an kuma fi nazarinta a Afirka ta Kudu. A 2001 aka bayyana wata mai kama da ita sak, HDL2, wadda tushenta wata ƙwayar gado ce dabam, kuma kusan duk waɗanda aka samu da ita 'yan asalin Afirka ne. Mai ita zai yi gwajin jinin Huntington a ce ba shi da komai, kuma maganin da aka ƙera don toshe saƙon huntingtin ba dominsa aka yi ba. Hatta a ainihin Huntington ɗin, sababbin magungunan da ke ƙoƙarin kashe gurɓataccen furotin su bar lafiyayyen sun dogara ne da wasu alamomin gado da aka fi samu a Turawa, bincike a Afirka ta Kudu kuma ya nuna cutar a jikin baƙaƙe kan zo ne a kan wani zubin gado dabam. A garuruwanmu kuwa, magidancin da ya soma fizge-fizge da sauyin hali yana ɗan shekara 40, kamar yadda mahaifinsa ya yi, ba likitan ƙwaƙwalwa ake soma kai shi ba. Sammu za a ce, ko iska, ko a ce abin gidansu ne a rufe zancen saboda auren 'yan mata. Ba ya cikin kundin kowa.

Shi ya sa nake ganin lokacin da ya dace a yi maganar wa zai sami magani, a kan nawa, kuma wa zai ɗauki nauyin majiyyaci in abin ya ɓaci bayan shekara 10, shi ne tun a gwajin farko, sa'ad da kamfani ke neman masu ba da jikinsu ido rufe. Ƙungiyoyin iyalai da kwamitocin ɗa'a na da bakin magana a wannan gaɓar, domin in ba majiyyata ba gwaji. Bayan an amince da magani kuwa, masu lissafin riba ne ke yanka farashi. Wannan kamfani na uniQure shi ne ya ƙirƙiro Hemgenix, maganin gado na ciwon rashin daskarewar jini, wanda shi ma sau ɗaya ake yi. Da ya shiga kasuwar Amurka a 2022 ta hannun CSL Behring, farashinsa dala miliyan 3.5 ne ga mutum guda.